Gashin 'Yar Fari

Ƙeyarta na fara gani. Safiyar Asabar ce, a makon farko na dogon hutu, ruwan asuba ya ɗauke ke nan. Na fito da bokiti zuwa famfon tsakar gida, sai na tarar da wata yarinya ta duƙa tana wanke kwanoni, ta ba ni baya. Babu ɗankwali a kanta, babu kuma gashi. An kwashe shi ƙasa-ƙasa, har ina ganin ɗigon ruwan indararo yana gangarawa a fatar kanta. Da ta juyo ta gaishe ni sai na gane fuskar. 'Yar maƙwabciyata ce, wadda ban taɓa gani ba sai a hoton da ke rataye a falon uwarta. A hoton kuwa kanta cike yake da kitson zare, tsaye cirko-cirko.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ce. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangon layinmu a Unguwar Mu'azu ba, damina ce ke ta cinye musu fuska kaɗan-kaɗan. Gidan haya muke, ƙofa huɗu, famfo ɗaya. Maigidana yana aiki a wata masana'anta a Kudenda, ya fita a keke da sassafe, ya dawo bayan la'asar. 'Ya'yanmu uku. Babbar shekararta goma sha ɗaya, ta gama firamare ke nan. Mai bi mata namiji ne ɗan takwas, sai auta 'yar shida.

Maƙwabciyar tawa Ibo ce, mijinta bakanike ne a Kakuri, wata uku ke nan da tarewarsu. Ni ina ce mata Madam, ita tana ce mini Hajiya, ko da yake ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Na taɓa ganin wata 'yar garinsu a kasuwa an aske mata kai bayan rasuwar mijinta, aka gaya mini haka suke yi idan an yi musu mutuwa. Ga shi kuma kwana goma ke nan mijin Madam ya tafi gida ganin tsohuwarsa da ba ta da lafiya. Kafin bokitina ya cika na gama haɗa labarin a kaina, har da ruwan da ake yi ranar da aka binne tsohuwar.

Na shiga na yafa mayafi, na daidaita fuska, na yi sallama a ƙofarta. Na same ta tana ɓare masara.

"Madam, ashe abin da ya faru ke nan? Sannunku da haƙuri. Allah ya ba ku dangana."

Ta saki masarar. "Wa ya mutu?"

"Ba Mama ba ce?"

"Mama na nan tana cin doya, jiya ma ta yi wa ɗanta faɗa! Hajiya, wa ya gaya miki?"

Na nuna tsakar gida da haɓa. "Na ga kan yarinya."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa, sai ta kwashe da dariya har tana dafa bango. Ta ƙwala wa 'yar kira, ta ce ta zo ta karɓi gaisuwar gashinta, ga Hajiya ta zo da mayafi. Da ta samu numfashi ta ce, "Makaranta ce. Duk yarinyar da ta shiga sai an aske ta, har sai ta kai aji huɗu. Wai kitso yana cin lokacin karatu. Idan ba ki aske a gida ba, a bakin get za su sa mata almakashi, su yi mata hanya a tsakiyar kai."

Ina taya ta dariya na tambayi wace makaranta ce wannan marar tausayi. Ta faɗi sunanta. Nan take na daina dariya. Kwana biyu da suka wuce maigidana ya shigo da ambulan, yana murna kamar an ba shi kujerar Makka: babbar 'yarmu ta ci jarrabawar shiga wannan makarantar kwanan. Na karanta shafin farko sau ba adadi, kamar wasiƙar masoyi. Shafi na biyu, mai jerin bokiti da katifa da fartanya, ko kallo bai ishe ni ba.

Na koma ɗaki na zaro shi. Ga zancen askin nan a ƙasa, an ja masa layi.

Ni mace ce da littattafan soyayya suka raina. Tun ina budurwa nake karɓo su haya, har bayan aure ban daina ba, akwai wani mai shago a bakin titi da yake ajiye mini sababbi a ƙarƙashin kanta. A cikinsu babu yarinyar da ake mutuwar so a kanta sai mai gashi har gadon baya, wanda ɗankwali zai zame daga kansa a daidai lokacin da ya kamata. Nawa gashin bai taɓa wuce kunne ba. Da Allah ya ba ni 'ya mai gashin kakarta ta wajen uba, baƙi sidik, mai santsi, sai na ɗauka an ciro mini ita ne daga tsakiyar littafi. Man shanu nake aikawa a sayo mini daga hannun Fulani saboda shi.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna a bakin gado da takardar a hannu ba. Ita ce 'yar fari. A gidanmu 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa, ba a nuna ana ji da ita. Haka uwata ta yi da yayata, haka na tashi na gani. Tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ranar da aka ba ta kyautar ta ɗaya a aji biyar, matan gida suna guɗa, ni na shige kicin ina ta juya miyar da ta riga ta dahu. Auta na hawa cinyata, namijin na rataya a wuyana, ita kuwa takan tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Umma, na gama shara."

Sai ranar kitso. Kowace Asabar biyu, bayan azahar, nakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar ƙofarmu, ta zauna tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya. Kitso aiki ne, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. A nan nake taɓa 'yata son raina. Ita ma da yake ba ta ganin fuskata, a nan bakinta yake buɗewa. Wadda ta zage ta a aji, malamin da yake barci a kan tebur, mafarkin da ta yi kogin Kaduna ya shigo har ɗakinmu, duk a ƙarƙashin tsinken tsaga nake jin su. Ni dai nawa "uhm" ne da "juyo nan". Awa biyu a mako biyu. Abin da nake da shi ke nan na 'yata, kuma shi aka ja wa layi a ƙasan takarda.

Na ninke shafin na biyu na cusa shi a cikin wani littafi. Na kwafe jerin kayan da hannuna a wata takarda, na tsallake layin ƙarshe.

Hutun ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba abin da ya faru. Yara uku a ɗaki ciki da falo, ga ruwa kusan kullum. Namijin ya shuka masara ƙwaya biyar a bayan bangon banɗaki, yana auna ta da sandar tsintsiya kowace safiya, yana zargin akuyar masu gida da yi mata kallon banza. A hutun ne ya koyi keken ubansa, ƙafa ta ƙarƙashin sanda, ya kuma koyi inda kwata take da gwiwarsa. Auta ta gano cewa idan ta tsaya a ƙarƙashin indararo da kaya a jiki ba abin da za a yi mata illa faɗa, ta ga faɗan bai kai daɗin ruwan ba. Rufinmu yana yoyo a wuri biyu, har yaran sun san kwanon da ake tarawa a kowanne. Idan aka ɗauke wuta da yamma, sai mu gasa masara a kan gawayi, maigidana ya kunna rediyo mai batir yana sauraron 'yan majalisa, yana cewa, "To, mu dai gani."

Babbar kuwa ta manne wa 'yar Madam. Tare suke ɗiban ruwa, tare suke zama a bayan ƙofa, waccan tana koya mata yadda ake gyara gado a ja zanin har ya yi tsam, da yadda ake ɓoye garin kwaki daga manyan ɗalibai. Kullum ina gudun kar zancen aski ya fito. Na roƙi Madam ta ja wa 'yarta kunne.

"Hajiya, kan nata fa a waje yake. In sa mata hula?"

"Ki ce ƙwarƙwata ta yi."

"'Yata? Ƙwarƙwata? Allah ya kiyaye! Ke dai ki gaya wa yarinyarki gaskiya."

Ban gaya mata ba. Maimakon haka sai na mayar da kitso kowace Asabar. Na yi mata shuku, na yi kalaba, na yi zane ƙanana-ƙanana irin wanda sai an wuni. Maigidana ya ce ko biki ake yi a dangi ba a gaya masa ba.

Na kuma fara yi masa aiki a hankali, kamar yadda ruwa ke yi wa bangon ƙasa. Ban taɓa ambaton gashi ba, don na san amsar da zan samu. Idan na ajiye masa abinci sai in ce, "Malam, an ce waken makarantar nan da ƙwari ake dafa shi." Gobe in ce, "Yarinyar nan fa sanyi ba ya yi mata daɗi." Jibi in tuna masa akwai ta jeka-ka-dawo nan kusa, wadda 'ya'yan liman suke zuwa. Da farko dariya yake yi.

"Malamar littafi, a wane shafi kika karanto wannan kuma?"

Amma mutum ne mai taushin zuciya a kan 'ya'yansa, kuma shi ma bai taɓa kwana ba ta gidan ba. Wata ranar Laraba a tsakiyar Agusta, muna cin tuwo da yamma, ya dubi yarinyar ya ce, "Ni da ummanki muna tunanin ko ki fara ta gida tukuna. In kin ƙara girma a sake dubawa."

Ta tsayar da lomarta. Ba ta dube shi ba, ba ta dube ni ba. Ta ce, "To, Baba." Ta gama cin abincinta, ta kwashe kwanonin.

Na samu abin da nake so. Na shiga ɗaki in ji daɗi, na neme shi na rasa.

Washegari haƙorin auta na gaba ya fita a cikin masara. Ta dubi madubi, ta ga giɓi, ta fasa kuka wai ta zama tsohuwa. Yayan ya ce kadangare ya riga ya gani, ba zai sake fitowa ba har abada, ta ƙara ƙarfin kukan har Madam ta leƙo. Babbar ce ta ɗauke ta, ta dunƙule mata haƙorin a hannu, ta kai ta bayan ɗaki suka jefa shi kan rufi. Ta yi duk wannan ba tare da ta yi murmushi ba. Kwana uku tana shara, tana wanke-wanke, tana gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa. Ta daina zuwa ƙofar Madam.

Asabar ta zo. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye man shanu da mataji. Ta zo ta zauna ta ba ni baya. Na fara tsefe kalabar makon jiya daga goshi, ina jira. Babu labarin kowa. Na yi "uhm" ɗina ba a ce komai ba. Har na kai tsakiyar kai ba abin da nake ji sai ƙarar injin markaɗe daga layi na biyu. A lokacin na fara gane abin da na yi. Na tsare gashin, ga shi cike da hannuna, amma yarinyar da ke ƙarƙashinsa ta tafi.

Na ce, "Sunkuya."

Ta ƙi. Ba ta taɓa ƙi ba. Na dafa kan a hankali na sunkuyar da shi, na ɗaga gashin ƙeya. A can ƙasa, wajen hagu, inda kitso biyu suke rufewa, akwai wani fili kamar faɗin kwabo. An yanke gashin wurin har fata, ya fara tsirowa, yana sukar yatsa.

"Ke. Mene ne wannan?"

Ta ƙara duƙar da kai.

"Wa ya taɓa miki kai?"

"Ni ce."

"Da me?"

"Da almakashin ɗinkinki." Muryarta can ƙasa, tana magana da gwiwoyinta. "Ranar Lahadin da ta wuce. So nake in ji ko da zafi. In ji kuma yadda iska take taɓa wurin."

Hannuna ya tsaya a kanta. Na ce, "Ashe kin sani."

"Tun ranar jarrabawa. 'Yan makarantar ne suka raba mana takardu, duk kansu a aske."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Na ga kin cire shafin." Ta ja hanci. "Na ce in na yi shiru har ranar tafiya, sai a yanke mini a get, ba sai kin gani ba. Umma, ai na san kin fi ni son sa."

Yarinya 'yar sha ɗaya. Wata guda ina ɓoye mata abu don kar ranta ya ɓaci, ashe ita ce take lallaɓa ni. Ta shirya a yi mata hanya a tsakiyar kai a gaban baƙi, don dai a raga wa uwarta.

A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri uwa takan rungume 'ya su yi ta kuka, a cika shafi uku da magana. Ni ban iya ba. Matar masu gidan hayarmu tana shanya a igiya, taku biyar daga inda muke. Abin da na iya shi ne na lakato man shanu na shafa a ɗan filin nan, na yi ta murzawa da babban yatsa, fiye da yadda wuri mai faɗin kwabo yake buƙata.

Na ce, "Da zafi?"

"Babu."

"Iskar fa?"

"Da daɗi."

"Kina son makarantar?"

Kan ne ya motsa a tsakanin tafukana, sama da ƙasa, da ƙarfi, sai na ji ɗumi yana ɗiga a kan ƙafata.

Da maigidana ya dawo na bari ya yi sallah ya ci abinci, sannan na zaro shafin daga cikin littafi na miƙa masa. Ya karanta har ƙasa. Ya dube ni ta saman takardar.

"Waken da ƙwari ke nan?"

"Shi ne."

"Da sanyin?"

"Duk shi ne."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi dariya ya ce gashi ne fa, zai fito. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon tabarmar da ke jingine a bango. Ashe duk shekarun nan yana lura. Ya ce, "In kai ta wajen mai aski a Kakuri, ko in kira wanzami?"

Na ce, "Ba namijin da zai taɓa kan nan. Ni na shuka, ni zan girbe."

Sauran makonni uku suka tafi a guje. Aka sayo akwatin ƙarfe, uban ya rubuta sunanta a kai da fenti fari, ni ina wucewa ina kawar da ido kamar ban iya karatu ba. Na daka yaji, na soya ƙuli-ƙuli. Masarar namijin ta yi goyo biyu, ya ce ɗaya na Yaya ne, ta tafi da shi. Bakin yarinyar ya dawo, har ya fi da.

Asabar ta ƙarshe Madam ta shigo da kilifar aski ta hannu ta mijinta, a naɗe cikin tsumma mai warin man inji. Na ɗauko almakashi zan fara, ta riƙe mini hannu.

"Ba haka ba, Hajiya. In kin yanka a tsefe, iska za ta kwashe, ki yi ta bin sa da tsintsiya kina kuka. Ki kitsa tukuna. Manya-manya. Sai ki yanke kowanne daga gindi."

Haka na yi. Na yi mata kalaba takwas, na ja lokaci iya iyawata, ita kuma ta ba ni labarin duk abin da 'yar Madam ta gaya mata, har da wata babbar ɗaliba da ake cewa tana sa a yi mata fifita. Da na ɗaure na takwas ba sauran abin da zan fake da shi. Na sa almakashi a gindin na farko. Ban san gashi yana da ƙara ba sai ranar, wani ƙurus-ƙurus kamar ana yanka ɗanyen kabeji. Auta ta rufe ido da hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu. Namijin ya buɗe baki zai yi tsiya, Madam ta nuna shi da kilifa ta ce saura shi, ya haɗiye.

Na jera su takwas a kan cinyata. Madam ta bi sauran da kilifa ta daidaita. Da aka gama yarinyar ta shafa kanta da hannu biyu, ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Umma, na yi muni?"

Kunnuwanta sun fito, wuyanta ya yi tsawo, idanun sun cika fuskar. Shekara goma sha ɗaya ina kallon gashi, ban san haka 'yata take da kyau ba. Ga Madam, ga matar masu gida, ga yara. Na ce, "Tashi ki wanke kai, ruwa na hucewa."

Madam ta buga cinya. "Kai, Hausa! Ki ce mata ta yi kyau mana, bakinki zai faɗi ne?"

Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Ai ta faɗa." Ta ɗauki bokiti ta wuce.

A al'ada gashin da aka yanke binne shi ake yi, kar ya faɗa hannun da bai dace ba. Na ce wa maigidana na binne. Ya ce madalla, ya kuma ce in dinga sa kafur a ƙasan adakar littattafaina, don an ce asu yana son abin da aka binne.

Ban raka su tasha ba, uwa ba ta raka 'yar fari. Na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu har akwatin ya sha kwana a bayan keken uban. Asabar ta gaba na shimfiɗa tabarma na kama kan auta, wadda ba ta iya zama minti biyar ba tare da ta tambaya ko an kusa gamawa ba.

Ranar ziyara ta farko ta zo bayan mako shida. Muka tafi da Madam a mota ɗaya, kowacce da kular shinkafarta. Filin makarantar cike da yara masu kai iri ɗaya da riga iri ɗaya, amma daga nesa na tsinto tawa, ta ƙeya. Ta rame kaɗan. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida uban, ta ci abinci. Na tambayi karatu, ta ce lafiya. Na tambayi abinci, ta ce lafiya. Muka zauna a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro muna kallon juna kamar surukai. Abin da na ji tsoro ke nan tun ranar famfo, ga shi ya same ni. Uban ya tashi ya tafi neman wurin alwala.

Sai ta buɗe jakata ba ta tambaye ni ba, kamar ta san abin da ke ciki. Ni kaina ban san dalilin da ya sa na jefa su a jakar da safe ba. Ta ciro kwalbar man shanu da tsinken tsaga, ta miƙo mini, ta zame daga benci ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya.

"Kaina yana ƙaiƙayi," in ji ta.

Gashin bai kai rabin gaɓar yatsa ba. Na sa tsinke na ja tsaga daga goshi zuwa ƙeya, a kan babu. Na shafa mai. Na ja ta biyu a gefenta. Kafin in kai ta uku aka fara: an sace mata bokiti a makon farko, ta yi kuka sau huɗu amma a banɗaki, malamar lissafi ta ce ta iya, waken kuwa da gaske akwai ƙwari. Na ce "uhm". Na ce "juyo nan". Wata mata da ke kusa da mu ta yi ta kallona ina kitsa iska, ban kula ta ba. Sai da aka kaɗa ƙararrawa na ɗaga hannu.

Bayan shekara guda su Madam suka koma Sabon Tasha, kamar yadda da yawa suka yi bayan rikicin da aka yi a garin, mu ma daga baya muka bar gidan hayar. Kilifar tana wurina, ta ce in riƙe saboda auta.

Yarinyar ta kai aji huɗu, aka ba su izinin tara gashi, ta tara na wata shida ta ce ya dame ta, ta sake kwashewa. Har yau haka take. Tana aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Zariya, ƙarƙashin ɗankwalinta ba abin da za a kama. Mijinta bai taɓa ganin kalaba takwas ɗin nan ba, na ce sai ranar da ya yi mini abin kirki. Ta haifi 'yarta ta fari mai gashin kakar uwarta, kuma ko tsaga ba ta iya ja ba, don haka duk dogon hutu sai ta kawo mini ita. Ita tana kiran 'yarta da suna, gatsal, a gaban kowa, har ta sumbace ta a tasha. Ni har yanzu ban kira nata ba. Idan na gama da jikar na ce ta tashi, kafin in rufe kwalbar mai sai in ga uwar ta ajiye waya, ta zame ɗankwali, ta zauna a wurin da ɗumin 'yarta bai gama hucewa ba, ta ba ni baya.